Yadda ake aikin mataimaki a gwajin magani a asibiti

Kafin ka taɓa fom ko ɗaya, ka yi horon ƙa'idojin gwajin magani da ake kira GCP. Akwai na kyauta a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe. Sannan ka tabbata babban mai bincike ya sa sunanka a takardar rabon aiki. Abin da ba a rubuta maka a can ba, kada ka yi shi ko da ka ƙware. Ka leƙa fayil ka ga izinin kwamitin ɗa'a da na NAFDAC suna nan, wa'adinsu bai ƙare ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne neman amincewar wanda zai shiga binciken, kuma a nan ne masu cewa "karanta masa kawai ya dangwala" suke ɓata sababbin ma'aikata. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Mutane ba su manta ba. Uwar da ke zaune gabanka ta ji labarin, kuma tana da haƙƙin yin shakka.

Saboda haka ka zaunar da ita inda ba idon jama'a. Ka ɗauko takardar Hausa wadda kwamiti ya amince da ita, ka duba lambar bugu a ƙasan shafi, don tsoho da sabo kamarsu ɗaya. Ka karanta a hankali, ka faɗa ƙarara: "Baba, ba dole ba ne. Ko kin ƙi, za a duba ɗanki kamar kowa." Bayan haka ka ce ta maimaita maka abin da ta fahimta da bakinta. "To, likita" ba amsa ba ce, kunya ce. Idan ta ce sai ta shawarci maigida, ka ba ta kwafi ta tafi da shi, kada ka nuna gajiya. Amma yardar maigida ba ta tsayawa a madadin tata idan ita ce za ta shiga.

Wadda ba ta karatu za ta dangwala yatsa, a gaban shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba, kuma wanda ya zauna tun farkon bayani, ba wanda aka fizgo daga baranda a ƙarshe ba. Mai iya rubutu shi zai rubuta kwanan wata da hannunsa. Sai an gama wannan duka ake ɗibar jini. Ko awon da binciken ya buƙata ba a yi kafin nan.

Kwalaben jini ka liƙa musu lamba a gaban mai jinin, lambar bincike ba suna ba. Ka yi amfani da alƙalamin da ba ya gogewa a firiza. Na kasuwa, sifirit na taɓa shi ya wanke. Firijin magani yakan zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8: ka rubuta awonsa safe da yamma, har ranar hutu, in wuta ta ɗauke ka sanar nan take.

Idan ka yi kuskure a rubutu, ka ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farkon, ka rubuta daidai, ka sa haruffan sunanka da kwanan wata. Tipp-Ex kuwa kada ya shigo ɗakin ma.

Ka karɓi lambar waya biyu daga kowa, da kwatancen gida, don layi yakan mutu. In ka ji an kwantar da wani a asibiti ko ya rasu, ko da haɗarin babur ne, ka kira babban mai bincike a take, domin sa'o'i 24 kawai yake da su ya kai rahoto.