Ƙuri'ar Ƙauye: Misalin Beri

Beri ƙaramin gari ne a ƙasar Kontagora. Sau da yawa akan ce ƙauye irin wannan ba shi da ra'ayi, inda manya suka nuna nan yake bi. Bari mu duba.

A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Kowane ɗan takara da akwatinsa: fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. Da yake hakimi da dagaci ma'aikatan En'e ne, En'e kuwa galibi tana bayan NPC, ba kowane talaka ke da ƙarfin halin nufar tauraro ba. Mata kuwa sai 1976 aka ba su dama.

To, amma a 2015 Jihar Neja ta juya wa PDP baya, bayan shekara 16 tana mulki. Kada mu ce son ɗan gida ne, gama Abubakar Sani Bello da ya ci gwamna da Umar Nasko da ya faɗi duka 'yan masarautar Kontagora ne. A ganina guguwar Buhari ce, wadda ta ratsa ƙauyuka ba tare da neman iznin dagaci ba.