Kanola: Shukar Da Zafin Mako Guda Ke Iya Karya Kasuwarta

Kanola na cikin manyan tsire-tsiren da ake tatsar man girki daga gare su a duniya, bayan kwakwar manja da waken soya. 'Yar dangin kabeji ce, mai fure rawaya da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe waɗanda kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyinsu mai ne. Tunkuzar da ta rage bayan an tatse man kuwa abincin shanu ce da kaji.

A da, man wannan shuka na ɗauke da wani sinadari da ake tsoron illarsa ga zuciya, don haka aka fi amfani da shi a fitilu da injuna. Masana biyu a Kanada, Baldur Stefansson da Keith Downey, su ne suka jagoranci gyaran irin. A 1974 aka fitar da iri mai suna Tower, sannan a 1978 aka yi rajistar sunan kanola.

Shukar sanyi ce. Tana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma saboda ƙanƙantar ƙwayar, ba a binne ta fiye da santimita biyu zuwa uku. Tana cin taki ainun, musamman naitirojin da farar wuta. Manoma kan bar shekara uku ko huɗu kafin su maimaita ta a gona ɗaya, gudun cututtukan saiwa da kara.

Amma babban rauninta yana lokacin fure. Idan zafi ya kai digiri 30 a waɗannan makonni, fure ya kan zube ba tare da ya ɗaura kwanso ba. Shi ya sa manoman jihar Rajasthan ta Indiya ke shuka danginta a watan Oktoba, su girbe kafin bazara. A 2021 fari da tsananin zafi sun rage girbin Kanada da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo.

Nan ne abin ya shafi ɗan kasuwar Nijeriya, ko da bai taɓa ganin gonar kanola ba. Masana'antu na sauya wani mai da wani, saboda haka ƙarancin ɗaya kan ja farashin manja da man waken soya sama. Mai shirin sayo man girki da yawa zai amfana da bin labarin yanayin Kanada a watan Yuli, lokacin da gonakin can ke fure.