Hoton amarya a ɗaki: yadda ake tausasa hasken filasha

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki ya kawo mini kuka. Duk hoton da ya ɗauka a cikin ɗaki, goshin amarya sai ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, ga baƙar inuwa manne da bango a bayanta. Har ya fara neman mai sayen kyamarar. Na ce masa, ƙanena, bar kyamararka, ba ta yi laifi ba.

Ƙanƙantar fitilar ce matsalar. Bakin filasha bai kai tafin hannu ba, kuma hasken da ya fito daga ɗan ƙaramin wuri inuwarsa kaifi gare ta. Dubi inuwarka da tsakar rana a watan Afrilu, sannan ka tuna ranar da hazo ya rufe gari. Ranar dai ita ce, amma hazo ya baza haskenta ko'ina, inuwa ta dushe. Abin da za ka yi a ɗaki ke nan.

Fara da silin, shi ne kyauta. Ɗaga kan filashar sama, ko ka ɗan juya shi baya ta kafaɗarka, hasken ya bugi silin ya sauko a hankali. Farin silin da tsayinsa bai wuce mita 3 sosai ba ya fi dacewa. Zai cinye haske da yawa, don haka ka kai ISO 400 ko 800, ka sa saurin ɗauka a 1/60 domin fitilun ɗakin su ma su fito. Hasken da ya sauko daga sama yakan bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin ɗaurin ɗankwali. Maganinsa ɗan farin kwali: ɗaure shi da roba a bayan kan filashar, ya turo haske kaɗan gaba, idon ya yi rai.

A kula da fenti. Haske yana ɗaukar launin abin da ya buga, koren bango zai ba ka koriyar amarya. In rufin kwano ne ba silin, sa ƙawaye biyu su riƙe maka farin zanin gado a gefe, ka haska shi.

Hular robar nan da ake kifa wa filasha kuwa, ban cika ganin kirkinta ba. Ba ta ƙara wa fitilar girma, sai in akwai farin bango kusa. A babban zauren taro batir kawai take sha.

Mai hali ya sayi farar lemar hoto, ya raba filashar da kyamara, ya kafa ta a gefe kamar mita 1 daga fuska. Kada ka yi nisa da ita: in ka ninka tazarar, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa, taushin ma ya ragu. Janyo amaryar daga jikin bango taku biyu, sannan ka roƙi mai kwalliya ta danne maiƙon goshi da hoda kafin ka ɗauka.