Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Gano Matsala Da Ceto Bayanai

A ɗauka cewa a wata makarantar sakandare an adana sakamakon jarrabawar ɗalibai duka a cikin kwamfuta guda. Ana saura kwana biyu a raba sakamako, sai malami ya danna makunni, na'ura ta ƙi tashi. A irin wannan hali mutane da yawa kan yi gaggawar goge komai su sake ɗora manhaja, ta haka sai aikin zango guda ya salwanta. Alhali kuwa ita kwamfuta hawa-hawa take tashi, kuma matakin da ta tsaya shi ke nuna inda cutar take.

Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Da zarar an danna makunni, akwatin rarraba wuta yakan karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda sassan ciki ke bukata. Daga nan ƙwaƙwalwar na'ura takan karanta wani ɗan shiri da aka dasa a jikin babban allon ciki. Sunan wannan shiri BIOS, kuma yana cikin kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981. A na'urorin yanzu wani sabon tsari mai suna UEFI ya maye gurbinsa. Aikin shirin shi ne ya bincika lafiyar sassa, sannan ya nemo faifan da ke ɗauke da manhajar gudanarwa, kamar Windows ko Linux, ya miƙa mata ragama. Matakai uku ke nan: wuta, binciken sassa, ɗora manhaja.

Kariya Kafin A Buɗe Na'ura

Wajibi ne a zare waya daga soket kafin a kwance murfi. Kada a buɗe akwatin rarraba wuta ko kaɗan, domin a cikinsa akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an kashe. Haka kuma jikin mutum kan tara lantarki, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa. Mutum ba ya jin tartsatsin sai ya kai kimanin bolt 3,000, amma ƙasa da bolt 100 na iya lalata wasu sassa masu laushi. Saboda haka mai gyara ya riƙa taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ya taɓa komai, ya kuma riƙe sassa ta gefensu.

Mataki Na Ɗaya: Babu Motsi

Idan fitila ba ta kama ba, fanka ba ta juya ba, to wuta ba ta isa ba. A fara da abu mafi sauƙi: a gwada soket da wata na'ura, a sauya waya, a duba fis ɗin filogi da ɗan makunnin da ke bayan akwatin. In duk waɗannan lafiya suke, zargi ya koma kan akwatin rarraba wuta, wanda hawa da saukar wuta ke yawan ƙonawa. Ana tabbatarwa ta hanyar saka wani mai lafiya a madadinsa.

Mataki Na Biyu: Fanka Na Juyawa, Allo Ya Yi Duhu

A nan wuta ta shiga, amma binciken sassa bai kammala ba. Na'ura kan faɗi ciwonta da ƙara ko da ƙyaftawar fitila. A tsarin IBM, gajeriyar ƙara guda na nufin komai lafiya. Ma'anar sauran ƙararrakin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sai a ƙirga su a duba littafin na'urar.

Sau da yawa laifin na ma'ajin wucin-gadi ne, wato RAM, wanda ƙura ko zafi kan sa ya daina haɗuwa da mazauninsa. A cire shi, a hure ƙurar, a mayar har sai maƙallansa sun kama. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A kuma duba wayar da ta haɗa akwatin da allon kallo, a cire duk wani abin da aka maƙala daga waje.

Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin na'ura. Idan kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka kunna, batirin ya mutu, kuma sauya shi ba tsada.

Mataki Na Uku: Rubutu Ya Bayyana, Manhaja Ta Ƙi Hawa

Wannan shi ne matakin da ya fi bukatar natsuwa, domin a nan bayanai ke cikin haɗari. Da farko a shiga shafin saiti a ga ko na'ura na ganin faifan ajiya, kuma ko shi ne a sahun farko. Filashin da aka manta a jiki ma kan sa na'ura ta nemi manhaja inda babu ita.

Idan faifan na nan, mai yiwuwa bayanin tashi ne ya lalace. A tsohon tsari wannan bayani na zaune a yankin farko na faifai, girmansa bayit 512 kacal. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu na iya ɓata shi, ko fayilolin manhaja, alhali sauran takardu na nan daram. Abin yi shi ne a tayar da na'urar daga filashi mai ɗauke da Linux, a kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai, sannan a yi amfani da kayan gyaran tashi da ke cikin faifan ɗora manhaja. Goge faifai shi ne dabara ta ƙarshe.

Idan kuwa faifai mai juyawa yana ƙaras-ƙaras, a kashe nan take a kai wa ƙwararre, domin kowane kunnawa na ƙara ɓarna.

Darasi

Hanyar nan ita ce ta binciken kimiyya: a lura da alama, a yi hasashe, a sauya abu ɗaya tak a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi maganin ba. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata kowace makaranta ta riƙa ajiye kwafin muhimman bayananta a wani wuri dabam kowane mako.

Tambayoyi

1. Kawo matakai uku na tashin kwamfuta.
2. Me ya sa taɓa sassan ciki ya fi haɗari a lokacin hunturu?
3. Me ya kamata a fara yi kafin a sake ɗora manhaja?