LODIN GANGANCI: IN KAYA SUKA ZUBE BISA HANYA, LAIFIN WA?

Babbar hanya mai lamba 1 ita ce uwar hanyoyin Nijar. Ta bi Yamai, Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi. Daga nan sai Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, har Damagaram da Difa. A Cadawa kuma wata hanya ta rabu, ta yi arewa zuwa Mayahi.

Dare da rana manyan motoci na bin wannan hanya. Bayan kaka sukan ƙaru. Suna ɗauke da aya, wake, gyaɗa, riɗi da hatsi. Wasu na ɗauke da siminti, ƙarfen gini, itace ko bisashe. Ranar kasuwa akan ga mota ta yi tozo da buhuna, mutane kuma na zaune can bisa kaya.

Mota na da amfani ƙwarai. Ita ke kai amfanin gona inda zai yi daraja. Amma motar da aka yi wa mugun lodi makami ce. Darasin yau zai yi bayanin abu uku: yadda kaya ke kada mota, wanda doka ke kamawa, da haƙƙin wanda hatsari ya shafa.

WANI MISALI

A ɗauka wata babbar mota ce ta yi lodin aya a kasuwar Cadawa, za ta Maraɗi. Bodi ya cika. Mai kaya yana da sauran buhu 30 a ƙasa. Ya ce wa direba: «Malam direba, a taimaka a ɗora mini su. Zan ƙara maka wani abu.» Direba ya ce: «To, Alhaji, ba komi.» Ƴan dako suka ɗora buhunan bisa sauran, har suka wuce bakin bodi. Yaron mota ya ce: «Maigida, igiyar nan ta tsufa fa.» Direba ya ce a ɗaure haka nan, rana ta yi.

Da fita gari, sai ga amalanken shanu ya shigo hanya. Direba ya taka birki, ya kauce. Igiya ta tsinke. Buhuna suka zubo bisa wani mai babur da ke wucewa. Ƙafarsa ta karye, babur ya lalace, aya ta watse cikin rairayi.

Jama'a suka taru suna cewa ƙaddara ce. Amma da jandarmomi suka zo, tambayarsu dabam ce. Wa ya yi lodi? Wa ya ɗaure? Wa ke tuƙi? Motar ta wa ce? Ina takardunta?

YADDA KAYA KE KADA MOTA

Mutane da yawa na cewa kaya mai nauyi ba ya motsi, nauyinsa ya isa ya riƙe shi. Wannan kuskure ne.

Duk wanda ya taɓa zama bisa amalanke ya sani. In shanu suka tsaya farat ɗaya, jikin mutum gaba yake yi. Haka kaya ke yi cikin mota. Masana sun auna abin. In aka taka birki da ƙarfi, kaya na iya tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyinsa. Buhu 100 masu kilo 100 sun yi tan 10. Ke nan turin da za su yi gaba na iya kai na tan 8. A kwana kuma, kaya na iya tura gefe da rabin nauyinsa, wato tan 5. Tsohuwar igiya guda ba ta riƙe wannan.

Ga hanyoyi huɗu da mugun lodi ke jawo hatsari:

1. Kaya mai tsawo. In lodi ya yi sama da yawa, nauyi ya koma bisa. Mota ta zama kamar mai tallan da ta jera ƙwarya uku a ka. Kwana kaɗan ko rami guda ya isa ya kifar da ita.

2. Kaya gefe guda. In nauyi ya taru hagu ko dama, mota na tafiya a karkace. Tayoyin wannan gefe su yi zafi, su fashe.

3. Kaya maras ɗauri. Buhu, gangar mai ko ƙarfe na faɗowa bisa hanya. Wanda ke baya ya taka shi ko ya kauce ya faɗa rami. Da dare abin ya fi muni, don ba a hango shi. Ƙarfen gini kuma na iya sulluɓewa gaba, ya huda inda direba ke zaune.

4. Kaya fiye da ƙima. Birki na da iyakar abin da yake tsaidawa. In nauyi ya yi yawa, mota ba ta tsayawa inda direba ke so. Kwalta ma na farfashewa, ramuka su yawaita.

Bisashe kuma kaya ne mai rai. In ba a raba su da shinge ba, sukan taru wuri guda, mota ta rinjaya.

ABIN DA DOKA TA CE GAME DA LODI

A shekarar 1968 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya kan tafiya bisa hanya, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita. Yarjejeniyar ta ce dole a tsara kaya, a ɗaure shi, yadda ba zai faɗo ba, ba zai ja ƙasa ba. Kada ya tare wa direba gani. Kada ya rufe fitilu ko lambar mota. Kayan da ya zarce bayan mota da fiye da mita 1, sai an sa masa alama.

A shekarar 2005, a Bamako, ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa suka kafa doka mai lamba 14 kan nauyin manyan motoci. Ta ƙayyade faɗin mota mita 2,55, tsawonta sama kuma mita 4, har da kaya. Ta yanka tarar jika 20 ga kowane tan da ya wuce ƙima, in tafiyar cikin ƙasa ce. In tafiyar ƙasa zuwa ƙasa ce, jika 60. Dalilin ke nan ake aza manyan motoci bisa sikeli a wasu wurare.

A shekarar 2014 kuma Nijar ta yi sabuwar dokar hanya.

WA DOKA KE KAMAWA?

Direba. Shi ne na farko. Ko ba shi ya yi lodi ba, shi ya tada mota. Aikinsa ne ya zagaya ya duba kafin ya tashi. Yana da ikon ya ce a sauke. Dokar hukunta laifi ta Nijar ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya ji wa wani rauni ko ya kashe shi ta hanyar sakaci, ganganci ko ƙin bin doka. Ba sai mutum ya yi niyya ba. Cewa «ban yi da gangan ba» ba ta wanke shi.

Mai mota. Ko yana gida kwance lokacin da abin ya faru, bai fita ba. Doka ta ce mutum na ɗaukar nauyin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi, da wadda ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Saboda haka direba na iya shiga kurkuku, mai mota kuma ya biya diyya.

Mai kaya. Akwai dokar sufurin kaya ta hanyar mota da ƙasashen ƙungiyar OHADA suka sa wa hannu a Yawunde a shekarar 2003. Ta fara aiki a 2004, kuma Nijar na ciki. Ta ce mai kaya ya ɗinke ko ya ƙunshe kayansa da kyau. Ya faɗi gaskiyar yawansu da nauyinsu. In kayan na da hatsari, kamar fetur ko maganin ƙwari, dole ya faɗa. In ya ɓoye, ɓarnar da ta biyo baya tasa ce.

Dokar nan ta ce kuma mai mota ne ke da alhakin kaya tun daga karɓa har ya miƙa su. In sun ɓace ko sun lalace, shi zai biya, amma diyyar ba ta wuce jika 5 ga kowane kilo, sai in an rubuta wata daraja tun farko. In kuwa mai kaya ne da yaransa suka yi lodin da kansu, kuma lodin ne ya jawo ɓarna, mai mota na iya kuɓuta daga biyan kayan. Shi ya sa takardar sufuri ke da amfani. Cikinta ake rubuta sunan mai kaya, sunan mai mota, yawan buhu, da inda za a kai. Wanda ya iya karatu ba ya sa hannu sai ya karanta.

A misalin Cadawa, direba ya yi ganganci, don an gargaɗe shi bai ji ba. Mai mota zai amsa kira. Alhaji kuma da ya matsa a ƙara buhu 30, ayarsa ta watse, kuma zai sha wuya kafin ya ga diyya. Alƙali ne ke auna rabon kowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

INSHORA DA HAƘƘIN WANDA YA JI RAUNI

Kowace mota dole ta kasance da inshora, wadda aka fi sani da asirans. Dokar inshora ɗaya ce a ƙasashe 14 na Afirka da ke cikin ƙungiyar CIMA, wadda aka kafa a Yawunde a 1992. Nijar na cikinsu. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe:

- Inshorar dole na biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu mutane. Tana kuma biyan ɓarnar da kayan da suka faɗo daga mota suka yi. Ke nan mai babur da buhu ya faɗa wa yana da haƙƙi, ko da motar kanta ba ta taɓa shi ba.

- Inshorar dole ba ta biyan direban motar, ba ta kuma biyan kayan da ke cikin mota. Wannan sai an yi wata inshora dabam.

- In an ɗauki mutane ba bisa ƙa'ida ba, kamfanin inshora na iya biyan waɗanda suka ji rauni, sa'an nan ya juyo ya nemi kuɗinsa wurin mai laifi.

- Jandarmomi ko ƴan sanda na da wata 3 su aika wa kamfanin inshora takardar binciken hatsari.

- Bayan shekara 5 da hatsari, ƙofar neman diyya na rufewa. Rigimar kayan sufuri kuwa shekara 1 ce kawai.

Sau da yawa akan sasanta a bakin hanya. Direba ya ba da jika 10 ko 20, kowa ya watse. Bayan wata guda ƙafa ta ƙi warkewa, damina ta zo, ba mai noma gona. Mota ta tafi, ba lamba, ba takarda. Sulhu alheri ne, amma a bari a rubuta hatsarin tukuna.

IN HATSARI YA FARU

1. A sa alama nesa, gaba da baya, don motocin da ke zuwa su rage gudu.
2. A kai masu rauni likita. A karɓi takardar likita, a adana ta tare da takardun sayen magani.
3. A rubuta lambar mota, rana, lokaci da wuri. A karanta sunan kamfanin inshora a rubuta.
4. A kira jandarmomi. A sanar da mai gari. A riƙe sunayen shaidu.
5. Kada a taɓa kayan da suka zube. Suna da mai su, ɗaukarsu sata ce.

In tankar mai ce ta faɗi, a gudu nesa, a kori yara. A watan Mayu na 2019 wata tanka ta kife a Yamai, kusa da filin jirgin sama. Mutane suka zo ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 55 suka rasu. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a Majiya, cikin jihar Jigawa ta Najeriya, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu.

LODI NA GARI

Mai nauyi a ƙasa, maras nauyi a sama. A raba nauyi daidai hagu da dama. A jingina kaya da gaban bodi, kada a bar fili tsakani. A jera buhuna a sarƙe, kamar yadda magini ke jera tubali. Kada lodi ya wuce bakin bodi. A ɗaure da igiya mai ƙwari ko sarƙa, tsaye da kwance, a rufe da tamfol. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a ƙara jan igiya, don buhu na zaunawa, ɗauri ya saki. Bisan kaya kuma ba wurin zaman mutum ba ne.

Manomi ko ɗan kasuwa da ya ga lodi ya yi yawa, gara ya jira wata mota. Kwana guda a tasha ya fi wata uku a gadon likita. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne garuruwa ne babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa cikin jihar Maraɗi?
2. Don me mota mai dogon lodi ke saurin kifewa?
3. Mutum nawa doka ke iya kamawa in kaya suka zube? A faɗe su.
4. In buhu ya faɗo daga mota ya ji wa mai tafiya rauni, inshora na biya ko ba ta biya?
5. Waɗanne abubuwa ya kamata a rubuta a wurin hatsari?

LISSAFI

An yarda wata mota ta ɗauki tan 25. Aka loda mata buhu 300, kowane buhu kilo 100. Tan 1 kilo 1000 ne. Tan nawa aka loda? Tan nawa ya wuce ƙima? In tarar kowane tan jika 20 ce, nawa za a biya?