Babi na Bakwai: Maganin Haihuwa da Sojojin Jiki

A cikin jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi da ake kira sojojin jiki, masu yaƙar duk baƙon da ya shigo. To, ɗan tayi rabinsa daga uba yake, me ya hana su far masa? Wani masani a Ingila, Peter Medawar, ya tayar da wannan tambaya a 1953. Babban ɓangare na amsar yana cikin sinadaran da jikin mace ke fitarwa, wato homon. Bayan ƙwai ya fita, sinadarin furojestaron yana ƙaruwa, ya lallashi sojojin mahaifa, ya sauya musu aiki. A farkon ciki, kusan kashi 70 cikin 100 na sojojin bangon mahaifa iri ɗaya ne, kuma maimakon faɗa, buɗe jijiyoyin jini suke yi don mabiyiya ta samu abinci.

Ƙwayar Clomid da alluran nunar da ƙwai wannan ma'auni na homon da sojojin mahaifa suke taɓawa. Suna ɗaga homon fiye da yadda jiki ya saba, sojojin mahaifa kuwa umarnin homon suke bi. Shi ya sa ba daidai ba ne mace ta aiki yaro kemis ɗin bakin lungu ya karɓo mata maganin, ta yi ta sha wata bayan wata. Wata za ta ce maƙwabciyarta a unguwar Jakara ta sha, har ta haifi tagwaye. Gaskiya ne, yana yi wa macen da ƙwanta ba ya fita. Amma a jikin wata yakan sirantar da bangon mahaifa, allurar kuma takan kumbura gidan ƙwai har ciki ya tara ruwa. Idan hanyar ƙwai ce ta toshe, ko matsalar daga maigida take, an sha wahalar banza, gorin dangin miji kuma bai ragu ba.

Wasu kuma kan ce, tunda sojoji na iya hana ciki zama, a sha maganin danne su, irin su furedinisolon. Hukumar kula da maganin haihuwa ta Birtaniya ta ce babu hujjar cewa hakan na ƙara haihuwa, ga shi yana buɗe wa cuta ƙofa, yana tayar da suga da hawan jini.

Ma'auratan da suka shekara babu ciki su je tare sashen mata na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Uwargida ta riƙo kwanakin al'adarta a rubuce da kwalin duk maganin da ta sha, a kuma gwada maniyyin maigida tun zuwan farko.