Rana da Ruwa: Shawarwari ga Gidan Masunci

Tsakanin Adar da Ƙonni babu babban kogi irin na Yamai ko Gaya, amma akwai masunta, kuma ba kaɗan ba. Wasu suna jefa birgi a madatsun ruwan Mozage da Zango a kan Maggiya, wasu suna bin tabkunan da damina ke bari a kewayen Tajaye, wasu kuwa sai sun kai Ɗan Dutsi ko Tabalak, ko su tsallaka iyaka su nufi Kalmalo. In ruwa ya janye, a koma haƙar gaiwa cikin busasshen taɓo. Duk aikin nan a fili ake yin sa, rana daga sama, ruwa kuma yana maido da haskenta daga ƙasa.

Za ka ce ina ruwan baƙar fata da rana? Maganarka da ƙamshin gaskiya: baƙar fata tana tare kaso mai yawa na hasken da ke lalata fata, shi ya sa ciwon dajin fata bai yawaita a cikinmu kamar a Turai ko Ostireliya ba. Amma yana nan, sai dai ta wasu ƙofofi yake shigo mana: tsohon gyambo, tabon ƙuna, leɓe, ido, tafin ƙafa, da fatar ƴan uwanmu zabiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi cewa a shekarar 2019 kaɗai kusan mutum 19,000 ne suka mutu da dajin fata saboda aiki a cikin rana. Ga abin da za a iya yi a gida ba tare da an taɓa jarin kifi ba.

1. Sayi malafa mai faɗin baki, ka sa mata igiya.
Hular hana-salla goshi kawai take rufewa, ta bar kunne da ƙeya da kumatu a rana, alhali nan ne fata ke fara lalacewa. Nemi malafar kaba mai saƙa a matse, wadda bakinta ya kai faɗin yatsu huɗu ko fiye, ko'ina a kewaye. Yanko zaren tsohuwar koma ka ɗaura mata maɗauri a ƙarƙashin haɓa, domin malafar da iska ta jefa tsakiyar tabki sau biyu, a karo na uku gida ake barin ta.

2. Auna rana da inuwarka.
Ba sai da agogo ba: in inuwarka ta fi ka gajarta, rana tana kan ganiyar cizo. Wannan yakan kama daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, wato daga hantsi ya ɗaga har la'asar. Duba mamari da asuba, kafa raga da yamma, ka mai da gyaran koma da feɗe kifi aikin tsakar rana a gindin bishiya ko rumfa. Dama kifin ma ya fi motsi da sanyin safiya da na maraice.

3. Kada sanyin ruwa ya ruɗe ka.
Hasken da ke cin fata daban, zafin da kake ji daban. Ba a ganinsa, ba a jin shigarsa. Iskar bakin tabki, gajimaren damina da hazon hunturu duk suna rage zafi ne, amma hasken nan yana ratsa su ya same ka. Saboda haka malafa ba ta bazara kaɗai ba ce, ko a Janairu da kake rawar ɗari a ɗora ta.

4. Ɗaga riga sama kafin ka biya kuɗinta.
A wurin mai gwanjo, ɗaga rigar ka duba rana ta cikinta: in kana ganin haske tar, to haka zai ratsa ya iske fatarka. Zaɓi mai dogon hannu da kwala, mai saƙa a matse, kuma mai duhun launi ta fi fara shara-shara tarewa. Ta zama mai yalwa don iska ta zaga, in ba haka ba kafin azahar ka tuɓe ta.

5. Tafi da riga biyu.
Farar singileti in ta jiƙe ta manne a jiki, kariyarta kaɗan ce ƙwarai. Ɗaure busasshiya a leda ka bar ta a gaɓa ko a cikin gora, kana fitowa ka sauya. Samari masu tuɓe riga don jan taru, a riƙa yi musu magana. Kafaɗa da gadon baya su ne rana ta fi samu in mutum ya sunkuya.

6. Kula da leɓen ƙasa.
Leɓen ƙasa yana kallon sama, fatarsa sirara ce, kuma ba shi da baƙin da sauran jiki ke da shi, shi ya sa likitoci suka daɗe da sanin dajin leɓe a tsakanin masunta da manoma. Ja gefen rawani ko ƙyalle ka rufe baki da wuya lokacin da kake kan ruwa, kamar yadda maƙwabtanmu Buzaye ke yi tun kaka da kakanni. In kana shan sigari ko kana cusa taba a leɓe, ka san rana da taba taron dangi suke yi wa wuri ɗaya. Tsagewar hunturu takan warke cikin kwanaki in ana shafa mai. Wadda ta yi ɓawo, ta ɓare, ta sake yin ɓawo har wata guda, ta likita ce.

7. Ido ma fata ne, a kare shi.
Jan naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci yana rarrafawa zuwa baƙin ido, rana da ƙura da iska ne ke kawo shi, kuma rana tana gaggauta yanar ido. Sayi tabarau mai alamar UV400, gwamma a kantin magani ko wurin masu gilashin ido, don baƙin gilashi marar kariya buɗe ƙwayar ido yake yi haske ya ƙara shiga. In ka ga farin tsiro mai kauri ko mai kaushi a farin ido yana girma, kada a ɗiga masa komai, a kai wa likitan ido. Irin wannan dajin ana ganin sa sosai a Afirka, kuma cire shi yana da sauƙi tun yana ƙarami.

8. In akwai zabiya a gidan, dokarsa daban.
A nan babu sassauci. Fatar zabiya ba ta da baƙin da ke tare rana, kuma dajin fata yana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka tun suna da ƙuruciya, galibi a fuska, kunne, wuya da bayan hannu. Yaro zabiya ba ya bin baba tabki da rana tsaka, ko da kuwa gadon gidan su ne. A ba shi saƙar koma a zaure, lissafin ciniki, ko tsaron banda a rumfa, a kuma dage da karatunsa, a roƙi malam ya zaunar da shi a layin gaba saboda raunin gani. Malafa, dogon hannu da dogon wando kullum, tun yana goye. Duk wani ɓawo mai kaushi da ya fito masa a nuna wa likita, domin a wannan matakin ana iya kashe shi a zama ɗaya. Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara ranar zabiya ce ta duniya, a kasa kunne a rediyo, don a irin wannan lokaci ne aka fi jin inda ake duba fata ko raba man kariya.

9. Man kariya, in ya samu, a san inda za a shafa shi.
Yana da tsada, don haka kada a ɓarnatar da shi a inda tufa ke rufewa: hanci, kunne, leɓe, ƙeya da bayan hannu sun isa. Duba lambar da ke jikin kwalba, 30 ko fiye, na zabiya kuma 50, a sake shafawa bayan awa 2 ko bayan an fito daga ruwa. Man kaɗe da basilin suna hana kaushi da faso, amma ba sa tare rana, kada a dogara da su. In kwalba ɗaya ce a gidan, ta zabiya ce.

10. Uwargida, ke ma ranar nan tana dukan ki.
Mai suyar kifi a bakin titin Tsernawa ko kasuwar Gidan Idar tana iya fin mijinta daɗewa a rana. Sanduna huɗu da tsohuwar tabarma sun yi rumfa, kifin ma ya fi jimawa bai sauya ba. Man bilicin kuwa a rabu da shi: yana kankare baƙin da Allah ya ba ki kariya da shi, yana sirantar da fata, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. Baƙin tabon da ke fitowa a kumatun masu shafa shi, rana ce ke ƙara dafa shi.

11. Ƙuna, ruwa za a fara sa mata.
In man suya ya fallatsa ko yaro ya faɗa wutar banda, a kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa toka, ɗanyen ƙwai, man goge baki ko baƙin mai. Dalilin damuwa shi ne ƙunar da ta warke da ƙyar tana barin tabo, kuma tabon nan yana iya rikiɗewa ya zama daji bayan shekara 20 ko 30, lokacin da kowa ya manta da yadda aka yi.

12. Gyambo ba abokin zama ba ne.
Wannan ita ce babbar ƙofa a wurinmu, ta fi rana kanta. Ƙayar tarwaɗa ta soke ka, ƙugiya ta yage ka, kara ya karce ƙwauri, gobe ka koma cikin taɓo da shi, a haka ƙaramin miki ke zama gyambon shekaru. Wanke sabon rauni da sabulu da ruwan sha, ka rufe shi, ka huta wa ruwa kwana biyu ko ka sa takalmin roba mai tsawo. Asarar kamun kwana biyu ta fi asarar ƙafa sauƙi. A daina ɓare kafso ana zazzagawa a ciki, balle garin batir. Gyambon da bakinsa ya tashi ya yi tauri, ko nama ya tsiro a cikinsa, ko yana jini da an taɓa, ko warinsa ya sauya, ko kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka, wannan ba na gobe ba ne.

13. Duba tafin ƙafa ranar Juma'a.
Dajin fata mafi saurin kisa, a jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta ma kaiwa. Shi ne ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, kuma daga farcen yatsan ƙafa ya fara. In kana yanke farce kafin masallaci, juya ƙafar ka duba, ko ka sa yaro mai kaifin ido ya duba maka har tsakanin yatsu. Baƙin tabon da ke faɗaɗa, mai karkataccen baki ko launi biyu, ko baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, kada a ce taka ƙaya ce.

14. Ɗauki hoto da waya.
Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, sai tabo ya ninka ba a lura ba. Ajiye ƙwandalar dala goma a gefensa ka ɗauka, bayan wata guda ka sake da ƙwandalar nan. Likita zai ji daɗin hotunan fiye da dogon bayani.

15. Maganar "daji ba ya son ƙarfe" ta ci mutane.
Ana cewa in aka yi wa daji allura ko aka yanka shi sai ya haukace, don haka a yi ta shafe-shafe da turare har ya ci rabin ƙafa, sannan a je asibiti, in an rasa mutum a ce ga shi nan, ƙarfe ne. Jinkirin ne ya kashe shi. Dajin fata yana cikin waɗanda aka fi warkewa in an yanke shi da wuri, sau da yawa da allurar kashe zafi kawai, mutum ya koma gida ranar. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti. Abin gudu shi ne tsaga, ƙaho ko lalas a kan tsiron, don suna buɗe shi ne su bar saiwar.

16. San hanyar tun kafin buƙata ta taso.
Fara da likitar garinku, a rubuta maka takardar turawa zuwa asibitin Illela, Malbaza ko Ƙonni. Ana aikin tiyata a babban asibitin Tawa da kuma asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai kuma ta fara gashi da na'ura a 2021. Roƙi a yanki ɗan guntu a kai gwaji, don da shi ne ake tabbatar da ko daji ne ko wani ciwon, kuma ka adana kowace takarda a leda ɗaya. Masu adashen bakin tabki su ware wani abu na kuɗin mota, don galibi shi ke tsayar da mutum.

17. Tunda ka je asibiti, faɗi maganar fitsari.
Duk mai shiga ruwan tabki yana iya ɗaukar tsargiya, kuma jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake gaya wa yara. In ta daɗe ba magani tana iya jawo dajin mafitsara. Ƙwayoyin maganinta a rana ɗaya ake shanye su, ana auna su da tsawo ko nauyin mutum, don haka in masu rabo sun zo gari a fito da kowa, har da manyan da ke cewa su sun saba.